Tudun 'Yan Daegu

Shafi na 31

Masu cika min akwati da saƙo wai na cika tsanar Dongha, wai in ɗan tausaya masa, to ku matso kusa. Ku karanta wannan tukuna, sannan in ga mai sake buɗe min baki.

* * *

Wasan farko, ko taliyar da na sa a kawo min ba ta gama hucewa ba aka tattara mu.

Na cire abin kunne na ajiye, ina kallon dawakanmu a allon kwamfuta zube a gindin tudu kamar an watsar da shara. A saman tudun kuwa, masu mashin 'yan Daegu, abokan karawarmu, na nan tsaye yadda muka same su, ko taku ɗaya ba su yi ba. Haka suke wasa tun da aka san su. Su hau tudu, su kafa itace mai tsini a gaba, masu mashi a bayan itacen, maharba a bayan masu mashi, sai su naɗe hannu suna jiran agogo. In lokaci ya cika tudu na hannunsu, su suka ci. Shi ya sa ake ce musu Kunkuru, kuma ko a jikinsu.

Wasa uku ne, wanda ya ci biyu ya wuce. An ci mu ɗaya. In aka ƙara, mun fita daga gasar, kuma ga Seho fitar ta gaske ce, don ranar Litinin zai shiga bariki, aikin sojan da ya zama dole kan kowane saurayi. Har ya aske kansa tun jiya. Shekara ɗaya da rabi ba maus ba kibod, in ya fito ma wa ya san ko ƙungiyar tana nan. Abu ɗaya yake so kafin ya tafi, ya ga an fasa tudun nan da dabararsa ko da sau ɗaya ne.

Dongha ya yi miƙa a kujerarsa, ya ɗaga maus yana jujjuya shi.

"Wannan abin ne. Ba ya jin hannu."

Na ce, "Maus ne ya kwashi dawaki ya kai su bakin mashi?"

"Ke Herim, da yayanki fa kike magana."

"Na sani, Yaya. Tambaya kawai na yi, Yaya."

Mu uku ne a ƙungiyar. Ni ke riƙe da maharba da majaujawar jifa da dutse, Seho da sojan ƙasa, Dongha da mahaya. Kuma Dongha ne shugaba, ba don ya fi kowa iya wasa ba, na rantse ko kyanwar shagon wasan kwamfutar nan aka ɗora a kan kibod za ta fi shi tsari. Ranar da muka fara haɗuwa a shagon nan ne aka tambayi shekarar kowa kamar yadda aka saba, ya ce ya girme mu da ɗaya. Tun ranar ya zama Yaya. Shi ake zuba wa abin sha da hannu biyu, shi ake ɗauko wa taliya daga kantar shago, shi ke faɗa a yi shiru.

Ɗazu a tsakiyar yaƙi, da kunnena na ji Seho yana cewa, "Yaya, ka yi haƙuri, ban sani ba ko idona ne, amma ina ganin kamar da za a ɗan dakata da mahayan..." Kafin ya kai ƙarshen ladabinsa mashi ya gama da su. Takaici ya sa na kusa cizon kibod.

Yanzu ma da sunkuyar da kai ya fara.

"Yaya, in ba damuwa, in nuna maka wani abu?"

"Yi sauri."

Seho ya ɗauki tsinken cin taliyata guda biyu ya jera a kan tebur. "Ga masu mashinsu." Ya ajiye murfin kwalba can gefe. "Ga mahayanka, Yaya, a cikin kurmin hagu, inda ba a ganinsu. Ni zan fara tura talakawan soja masu garkuwa, a warwatse, su yi ta kai da komowa a bakin inda kibiya ke kaiwa. Maharbansu za su yi ta harbi har kwari ya yi sauƙi."

"Sai kuma me? Mu kwana a nan?"

"Sai Herim ta juya majaujawa gefe ɗaya kawai. Gefen wancan mai jar hular." Ya nuna da haɓa can layin da ke fuskantarmu, inda 'yan Daegu uku ke zaune. "Na kalli wasanninsu kaf, Yaya. Gwak, shugabansu, ba ya motsi ko gidansu na cin wuta. Amma mai jar hula yana da zuciya. In aka dame shi da jifa, sannan ya ga mutum ya juya baya yana gudu, sai ya bi. Ni zan hau in taɓa shi, in juyo a guje. Da zarar ya biyo ni..." ya janye tsinke ɗaya, ya tura murfin kwalbar ta wurin da ya buɗe. "Sai ka shigo ta nan, ta bayan itacen. Maharba ne kawai a gabanka, ba kibau."

Na dubi teburin. Abin a fili yake kamar tafin hannu.

Dongha ya sa yatsa ya ɓalle murfin kwalbar, ya faɗi ƙasa yana gangarawa.

"Ni in je in laɓe a daji kamar ɓarawon kaji?"

"Ba laɓewa ba ce, Yaya..."

"Kuma mu yi gudu a gaban Gwak? Ana haska wasan nan fa, mutane na kallo."

"Ni zan yi gudun, Yaya, ba kai ba."

"Namiji gaba yake yi. Ɗazu ƙarfin bai isa ba ne, don kai ka tsaya jan ƙafa. Yanzu gaba ɗaya za mu hau ta tsakiya, mu murƙushe su. Ka je bariki a koya maka yaƙi tukuna, sannan ka dawo ka koya min."

Mutumin da ko takalmin soja bai taɓa zurawa ba, kullum yana ɗaga tafiyarsa da sunan karatu, shi ke wannan maganar. Seho ya sunkuya ya tsinto murfin kwalbar, ya riƙe shi a hannu.

"To, Yaya."

Wannan "to Yaya" ɗin na tsana fiye da komai a duniya.

Daga can layin Gwak ya leƙo ta saman allonsa, yana tsotson madarar ayaba, ya kira Dongha da sunan gidansu.

"Janar Pyo! In dawakin sun ƙare ka yi magana mu ara maka. Mun ga kana da kyauta."

Yaransa suka fashe da dariya. Dongha ya yi kamar bai ji ba, kunnensa dai ya yi ja.

Ana cikin haka ƙofar shago ta buɗe, iska mai sanyi ta biyo wata gajeriyar mata cikin rigar sanyi mai kauri, rungume da ƙatuwar kula a ƙulle cikin ɗankwali. Ƙamshin man riɗi ya riga ta isowa. Mai shago ya miƙe zai ce ba a shigowa da abincin waje, ta yi masa kallo ɗaya ya koma ya zauna.

"Dongha! Pyo Dongha! Ina kake a cikin duhun nan?"

Dongha ya zame a kujera kamar zai shige ƙarƙashin tebur.

"Mama? Me kika zo yi nan?"

"Me na zo yi? Ka fice da sassafe ko cokali ɗaya ba ka sha ba, yau ranar haihuwarka! Na rufe rumfa a kasuwa na biyo ka da miyar ganyen teku."

"Mama, ranar gasa ba a shan wannan miyar. Santsi gare ta, mutum zamewa yake yi."

"Jarrabawa ce kake? Wasan yara ne. Matsa min."

Ni da Seho muka miƙe muka rusuna. Ba mu taɓa ganinta ba, Dongha bai taɓa kai mu gidansu ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce na rame, sannan idonta ya sauka a kan Seho.

"Kai kuma wannan askin fa? Soja za ka?"

"E, Mama. Ranar Litinin."

"Wayyo ɗana. A wannan sanyin? Zauna, zauna, kai za ka fara sha." Ta kwance ɗankwali tana zuba miya a murfin kula. "Ɗan wace shekara ne kai?"

"Shekarar da aka yi gasar ƙwallon duniya a ƙasarmu, Mama. Ni da Herim duka."

Ta tafa hannu. "Ashe duk sa'o'in juna ne ku! Kai, na ji daɗi."

Seho ya yi murmushin ladabi. "A'a Mama, Yaya ya girme mu da shekara."

"Wane Yaya?"

"Yaya Dongha."

Ta tsaya da ludayi a sama. Ta dubi Seho, ta dubi ɗanta, sai ta ƙyalƙyale da dariya har miya na ɗiga a tebur.

"Wannan? Ni na haife shi fa! A watan biyu na shekarar ƙwallo, rana irin ta yau. Lokacin da aka zo wasannin yana jinjiri a bayana, na ɗaura masa jan ƙyalle a ka. Duk sanda aka ci ƙwallo ubansa ya kurma ihu sai ya farka ya yi ta tsala kuka. Makaranta ce kawai aka sa shi da wuri, kun san yadda ake yi wa 'yan farkon shekara a da. Shi ne mafi ƙanƙanta a ajinsu, kullum an ƙwace masa abinci."

"Mama."

"Me? Ƙarya na yi?"

"Mama, miyar ta huce. Ki je kanta a ɗumama."

Ta taɓa gefen kular, ta yarda, ta ɗauka ta nufi kanta tana yi wa mai shago faɗan ya buɗe taga wurin nan wari yake.

Ni dai na rasa ko dariya zan yi ko ashar.

Na ce, "Shekarar ƙwallo."

Dongha ya gyara zama. "Ku tsaya ku ji. Ba ƙarya na yi ba. Duk abokaina 'yan shekarar gaba ne, tare muka yi aji, tare muka gama. In na ce muku mu sa'o'i ne, to su kuma su zama me? Tsari zai rikice."

"Tsarin wa? Mu a makaranta ka same mu? A shagon gem ka same mu, aka tambaye ka shekarar da aka haife ka, ka buɗe baki ka ƙara ɗaya."

"Ke Herim..."

"Kar ka ke-Herim ɗina. Sau nawa na tashi daga tsakiyar wasa na ɗauko maka taliya? Sau nawa na juya kai gefe ina shan abu don kar in sha a gaban babba? Babba! Ashe ɗan goye ne da jan ƙyalle."

Daga can layin aka ji wani ya sarƙe da madara. Gwak ne, yana bubbuga ƙirji, hawaye na zubo masa don dariya.

"Ku yi haƙuri, ba sauraro nake ba, kunne ne ba shi da murfi. Janar, ashe ƙanena ne kai? Zo ka gaishe ni mana!"

Dongha ya juya ga Seho, don ya san nan ne wuri mai taushi.

"Seho, kai ka gane ai. Ko ba komai na riga ka ganin duniya da 'yan watanni. Wane wata ne kai?"

Seho bai ɗago ba. Murfin kwalbar na nan a hannunsa, yana murza shi.

"Gasar bara," ya ce a hankali, "na ce a jira, aka ce in yi shiru babba na magana. Ta bazara, na ce kar a bi ta gada, aka ce in yi shiru. Na koma gida na kasa barci, ina ce wa kaina ai ba a musu da na gaba, wata rana zai saurare ni." Ya ɗago ido. "Saura kwana biyu in tafi."

"To ai shi ya sa nake cewa mu haɗa kai..."

"Wace shekara aka haife ka?" Seho ya katse shi.

Babu Yaya a ciki. Na ji rashin kalmar kamar an cire min ƙaya a ƙafa.

Dongha ya kau da kai ya dubi allonsa.

Alƙalin gasa ya ɗaga murya daga gaba, hutu ya ƙare, kowa ya koma mazauninsa.

Na mayar da abin kunne. "Ni dai majaujawata umarnin Seho za ta bi. Mai son hawa ta tsakiya ya hau shi kaɗai, zan tafa masa."

Seho ya zauna, ya share tafin hannunsa a wando. "Mahaya su shiga kurmin hagu. Kar su motsa sai na ce."

"Da wa kake?" in ji Dongha.

"Da mai mahaya."

Dongha ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ku yi yadda kuka ga dama. Zan ga ƙarshen wayo."

Amma da fili ya buɗe, na ga dawakansa sun sulale cikin bishiyoyi. Na ce a raina ko kunya ta yi masa amfani yau.

Kunkuru kuwa ya hau tudunsa kamar kullum. Itace, mashi, baka. Ko canza wuri ba su yi ba don raini.

Seho ya tura talakawansa. In ka gan su sai ka yi dariya, 'yan tsiraru da garkuwar katako, kowa nesa da ɗan'uwansa, suna hawa kaɗan suna saukowa kamar masu neman abin da ya faɗi. Maharban Daegu suka buɗe musu ruwan kibau. Kibiya goma ta sauka a ciyawa kafin ɗaya ta sami mutum.

"Ci gaba da zubarwa," Seho ke faɗi ƙasa-ƙasa. "Zuba, ɗan albarka."

Sai da aka jima Gwak ya farga. Muna jiyo shi ta saman allo yana yi wa mai bakansu tsawa. "Kai wawa, tsayar da harbin! Manoma kake kashe wa kibau?" Ya tsayar, amma aikin gama ya gama, rabin maharban sun rataye baka sun zaro 'yan wuƙaƙe.

"Herim, yanzu ke. Jar hula kawai. Ko dutse ɗaya kar ya faɗa wa Gwak."

"An gama."

Dutsen farko ya wuce su. Na biyu ya sauka a tsakiyar masu mashin jar hula, inda suka cure wuri ɗaya, ya watsa su kamar an jefa dutse cikin kaji. Suka sake haɗuwa, na sake aikawa. Ba su da yadda za su yi. In sun warwatse, mashinsu ya zama banza a gaban doki, in sun cure, ni ce uwarsu.

Na leƙa ta gefen allona. Mai jar hula ya fara karkaɗa ƙafa.

"Yaya Gwak, ni kaɗai fa ake jifa."

"Zauna."

"Mutanena na ƙarewa!"

"Na ce zauna. Agogo namu ne."

Gaskiyarsa, agogo ya ci fiye da rabi. Dongha ya yi hamma da ƙarfi don mu ji.

"Wannan ne yaƙin? Da na sani na zo da matashin kai."

Seho ya tattara masu takobinsa, su ne ƙarfinsa gaba ɗaya, ya hau da su gefen jar hula. Suka ratsa ta tsakanin itatuwa, suka faɗa bakin mashi. Wannan ba wasa ba ne, da gaske ake kashe su, don in ba a ga jini ba ba mai yarda da gudun. Ina kallon tutocinsa suna raguwa, ina kallon gumi a kan sabon askinsa.

"Seho, ya isa, za su ƙare."

"Saura kaɗan."

"Seho!"

"Yanzu."

Ya juya su gaba ɗaya. Suka gangaro a hargitse, wasu na yar da garkuwa, kai ka rantse tsoro ne ya kore su.

Masu mashin jar hula suna tsaye. Suna tsaye.

Sai layin ya motsa.

"Koma!" Gwak ya miƙe tsaye har kujerarsa ta faɗi. "Kai, koma wurinka! Uban wa ya ce ka sauka?"

"Sun karye, Yaya! Bari in gama da su!"

Ina! Ya riga ya tsallake itacen, ya biyo Seho gangare da duk abin da ya rage masa. Gefen hagu na tudun ya buɗe wangwam. Tun da nake kallon 'yan Daegu ban taɓa ganin ƙasar wurin ba sai yau. Ga maharba tsirara ba kibau, ga sarkin rundunar Gwak a bayansu da 'yan dogarai, ga hanya shimfiɗe tun daga bakin kurmi.

Seho ya tsayar da gudunsa ya juyo ya riƙe masu mashin a gindin tudu, don kar su koma. Mutanensa kaɗan ne, ba za su jima ba. Gwak kuma ya fara jan nasa mashin daga tsakiya zai toshe ramin.

"Dongha, yanzu! Shiga!"

Kurmi shiru.

"Dongha! Mahaya!"

Na waiga. Dongha ya jingina da kujera, ya harɗe hannu a ƙirji. Ko kibod ɗin bai taɓa ba.

"Wa kake kira?"

Na ce, "Kai, ka haukace ne? Ramin zai rufe!"

"Ban ji an kira ni ba. Na ji dai wani yaro yana ihu."

"Don girman iyayenka..."

"Ke ba da ke nake ba." Ya juya kujerarsa ya fuskanci Seho. "Mutane na kallo, an ji yadda ka kira sunana gatsau. Yanzu a ji gyara. Ka ce, Yaya, don Allah ka taimaka."

Seho bai ɗauke ido daga allo ba. Yatsunsa na gudu a kibod, yana toshe nan yana toshe can da mutanen da ba su kai a ƙirga ba. Masu mashin Gwak sun yi rabin hanya.

Ban taɓa raina ɗan Adam kamar yadda na raina Dongha a wannan lokacin ba. Amma na dubi askin Seho, na tuna Litinin, sai na ji bakina yana faɗin abin da na tsana.

"Seho, faɗa masa kawai. Kalma ce. Ka faɗa mu ci, in mun fita ni zan fasa masa baki da kaina."

Dongha ya ga na karaya, sai ya ƙara samun ƙarfi. Ya miƙa hannu ya kama maus. Na ɗauka mahayan zai saki, sai na ga kibiyar allonsa ta haura can kusurwa, ta tsaya a kan farar tuta. Sunansa ne a rubuce a matsayin shugaba, shi kaɗai ke da ikon miƙa wuya a madadinmu duka.

"Ko ka faɗa, ko in danna. Sai ka tafi barikin da labarin yadda ka kusa."

Mamarsa ta iso bayansa da kula tana tururi, tana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya.

"Lafiya? Me ya faru kuka yi tsit?"

A allo tutar Seho ta ƙarshe ta fara rawa. Ramin ya rage kamar faɗin ƙofa.

Seho ya ɗauke hannunsa daga kibod. Ya cire abin kunne ya ajiye a hankali, ya juyo da kujerarsa har gwiwarsa ta taɓa ta Dongha. Muryarsa ko rawa ba ta yi.

"Danna, Dongha. Ga mamarka nan, ga ni. Danna mu gani."

Hannun Dongha ya motsa a kan tebur. Ni kam runtse ido na yi.

Ƙas! Ƙarar maus ce, ko tuta ya danna ko mahaya ya saki, ban gani ba.